Ƙwaya a Ƙarƙashin Tanderu

Daren Laraba, in Fresia ta rufe gidan burodi,
mukan jawo teburin kwaɓi zuwa tsakiya.
Can ƙasa, jiragen ruwan Valparaíso na tari cikin hazo,
ruwa na dukan kwanon rufi kamar mai bin bashi.
Mu huɗu ne. Da can mu biyar ne.

Shekara uku muna bin Gadar Gishiri:
mutum shida a wani gari da ba mu taɓa takawa ba,
zaune gaban kyamara, suna jefa ƙwaya mai fuska ashirin,
abin da ta nuna, shi ke nan, ya zauna.
A kashi na arba'in da ɗaya ta nuna ɗaya.
Ɗaya tak.
Orlenka maƙeriya ta zame daga gada,
guduma a hannu, ko ihu ba ta yi ba.
Mai jan labari ya sunkuyar da kai, ya ce sai mako mai zuwa.

Tun ranar bakinmu bai huta ba.
Ximena mai karatun lissafi ta rantse:
ba gawa, ba mutuwa.
Ta ƙirga, sau bakwai aka ambaci igiya a kashi na tara,
wa ke kiran igiya a banza?
Fresia ta ce shirme,
hankakan nan mai ƙafa ɗaya da ya fara bin tawaga,
ita ce, ku dubi yadda yake kallon garwashi.
Ni kuwa na kafe kan makahon mai kwalekwale:
sarki ne da ya jinginar da sunansa,
shi ya tare ta, ya naɗe ta a ragar kifi.
Aka yi mini dariya har shayi ya huce.

Anselmo bai ce uffan ba.
Shekara talatin yana jan akwatin ƙarfe
mai hawa da mutane kan tudu,
ya san iyakar abin da igiya ke ɗauka.
Sai jiya ya zaro ɗan littafi daga aljihun kwat,
bango ya sha maiƙo.
Rubutun Eduvina ne,
ƙanana, a karkace, kamar gidajen unguwarmu.
Ta rasu a kashi na talatin da takwas,
haka muke ƙirga kwana yanzu.
Ba ta ga gada ta ci mutum ba.

Shafin ƙarshe ya ce:
Orlenka za ta haye.
A ƙetare akwai ƙanwarta,
ba fatalwa ba, ba sarauniya ba,
mai sayar da albasa ce, da ciwon gwiwa.
Za su yi cacar baki kan tukunyar uwarsu,
kwana biyu ba gaisuwa, sannan su shirya.
A gefe kuma: a sayo madara.

Fresia ta barbaɗa fulawa a kan tebur.
Ximena ta ja gada da ɗan yatsa.
Kwalbar gishiri ta zama Orlenka,
aka ɗora mini jan labari, murya na rawa.
Na ce iska ta taso, katako ya jiƙe,
saura taku goma sha biyu.
Jefa, Anselmo.

Ya hura wa ƙwayar iska yadda Eduvina kan yi,
ya sake ta.
Ta bi ta cikin fulawa, ta daki kofi,
ta yi tsalle, ta faɗi ƙasa,
ƙwas, ƙwas, ƙwas,
ta shige ƙarƙashin tanderu.

Ximena har ta durƙusa, ta kunna fitilar waya.
Ya dafa kafaɗarta.
Bar ta, ya ce. Tana tsakiyar gada.
Kada a firgita ta.

Yau da asuba na je sayen burodi.
Na tarar Fresia na shara,
tsintsiya na zuwa bakin tanderu
tana kewayewa.